Saƙar gizo-gizo a fentin mota: a goge a gida ko a kai wa masu sana'ar?

Duk mai baƙar mota ya san abin nan. An wanke ta da safe, tana ta sheƙi a inuwa, amma da hantsi ya dubi bonet sai ka ga waɗansu siraran zane sun kewaye hasken rana, zobe cikin zobe, kamar saƙar gizo-gizo. Ka shafa da hannu, ba ka jin komai. Ka sa a sake wankewa, suna nan daram.

A 'yan shekarun nan lamarin ya ƙara ɗaure wa masu motoci kai, don ta ko'ina talla ake yi musu. A Facebook da TikTok ana nuna wani mai a kwalba, wai shafa ɗaya karce ya ɓace. A manyan birane irin Abuja da Kano da Kaduna an buɗe wuraren da aikinsu kawai dawo da sheƙin mota, kuɗin aikinsu kuwa ba na wasa ba ne. Ga kuma mai fenti na gareji yana cewa, "Alhaji, kawo ta nan, kafin la'asar na gama." Kafin mutum ya zaɓi ɗaya daga cikinsu, ya kamata ya san abin da ake yi wa fentin idan an ce an goge karce, domin a nan ne duk lissafin yake.

## Abin da ke jikin ƙarfen

Fentin motar zamani hawa-hawa ne. A ƙasa akwai shafin da ke hana tsatsa, sai firaima, wato shafin da launi ke zama a kansa, sai launin da ido ke gani, sannan a sama a rufe da wani shafi garai-garai marar launi, wanda masu fenti ke kira kiliya. Shi ne ke ba da sheƙi, shi ne kuma ke tare zafin rana kada ya cinye launin. Wannan tsari ya zama ruwan dare ne daga shekarun 1980. Kafin nan launi da sheƙi a haɗe suke a shafi ɗaya, shi ya sa wanda ya taɓa goge tsohuwar mota da folish zai tuna yadda launinta ke fitowa a jikin tsumma. Har yanzu akan samu irin wannan fenti a wasu fararen motocin Toyota.

Kaurin fenti ana auna shi da maikron, wato kashi ɗaya cikin 1,000 na milimita. Duka hawa-hawan nan idan aka haɗa su, a motar da ta fito daga kamfani, yawanci ba sa wuce maikron 100 zuwa 150. Kiliya ita kaɗai tana tsakanin 35 da 50. Silin gashin mutum ya kai kusan 70. Wato duk sheƙin da ake taƙama da shi yana zaune ne a kan abin da bai kai kaurin gashi guda ba.

Saƙar gizo-gizon nan ƙananan karce ne a saman kiliyar, zurfinsu bai fi 'yan maikron ba. Wani abin mamaki shi ne ba a zagaye suke ba. Sun miƙe ne ta kowace fuska, dubbai a kan juna, amma waɗanda suka gitta wa haske ne kawai ke maido shi zuwa ido, sai a gan su kamar zobba kewaye da rana. Matsa gefe kaɗan, zobban su bi ka. Baƙar mota da shuɗiya mai duhu da ja sun fi tona asiri. Fara da mai ruwan azurfa su ma suna da shi, ɓoyewa kawai suke yi.

Akwai gwaji mai sauƙi na raba wannan da karce na gaske. Ja farce a hankali a kan wurin. In farcen bai maƙale ba, abin a sama yake, gogewa za ta iya fitar da shi. In ya maƙale, ya yi zurfi, iyakar abin da za a iya shi ne a rage masa kaifi ya daina ɗaukar ido. In kuwa ana hango fari ko toka-toka a cikinsa, ya ratsa har firaima, wannan aikin fenti ne, babu folish ɗin da zai dawo da abin da ya riga ya tafi.

## Tsumman safe da bokitin mai wanki

Yawancin wannan zane ba a kan titi ake samo shi ba, a wajen kula da motar ake yin sa. A ƙasar Hausa kuwa akwai dalilin da ya sa ya fi yawa.

Daga Nuwamba zuwa Maris iskar hunturu na kwaso ƙura daga Sahara, mafi yawa daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, ta shimfiɗa ta a kan komai. Motar da aka wanke da yamma, kafin gari ya waye ta yi fari fat. A cikin wannan ƙura, da ta titunanmu, akwai ɓarɓashin yashi, wanda a ma'aunin taurin duwatsu na Mohs yake mataki na 7 cikin 10, ya fi gilashin taga tauri, balle kiliya da dangin roba ce.

To, ga abin da ke faruwa a ƙofar gida da yawa da misalin ƙarfe bakwai. Maigida zai fita, direba ko yaron gida ya ɗauko tsumman da ke ajiye a but, wata tsohuwar singileti ce ko tawul da ya sha jiki, ya kakkaɗe rufi, sannan ya bi bonet da ƙofofi yana murzawa a bushe. Niyyarsa alheri ce, amma abin da ya yi bai da maraba da goga samfefa mai laushi. Sau ɗaya ba a gani. A yi haka kullum har wata uku, sai motar ta koma kamar an lulluɓe ta da hazo.

Wajen wankin mota ma labarin ɗaya ne. Bokiti guda, Omo a ciki, soso guda. Da shi za a wanke taya da ƙasan bamba, a tsoma, a hau da shi rufi. Soson ya faɗi ƙasa, a ɗauka a ci gaba. Ruwan da ya wanke mota uku shi zai wanke ta huɗu. Daga ƙarshe a tsane da tawul ɗin da tun safe yake aiki. Omo kansa ba ya karce fenti, amma yana wanke duk wani man kariya da aka shafa, ya bar kiliya tsirara. Ba laifin yaran ba ne kacokan, kuɗin da ake biyansu bai isa a sayi tawul goma ba, ruwan ma saye suke yi a wajen 'yan garuwa.

Wata hanyar kuma ita ce rigar mota. Wanda ya rufe mota mai ƙura da tamfol, iska na kaɗa shi dare guda, ya ɗauki ma'aikacin da zai kwana yana goga masa yashi.

## Cikewa daban, gogewa daban

A nan ne aka fi yaudarar mutane, don hanyoyi biyu ne mabambanta amma dukansu a ranar farko sheƙi iri ɗaya suke bayarwa.

Ta farko cikewa ce. Man kakin da ake shafa wa mota, da yawancin abin da ake tallatawa a matsayin maganin karce, suna da maiƙo da ke shiga cikin ramukan ya cike su, haske ya daina watsewa, ido ya ga santsi. Karcen na nan a ƙasa. Wanki biyu ko uku, musamman da Omo, ko sati kaɗan a ranar Afrilu, sai ya dawo kamar yadda yake. Wannan ba aibu ba ne in an san abin da aka saya. Aibun shi ne a karɓi kuɗin gogewa a yi cikewa.

Ta biyu gogewa ce ta gaske. Man folish yana da ƙananan ƙwayoyi masu ci, aikinsu su zaftare kiliyar da ke kewaye da karcen har ta yi daidai da gindinsa. Wato ba karcen ake cirewa ba, abin da ke gefensa ake ragewa. Folish mai laushi yakan ci maikron 2 zuwa 3, mai kaushi ya fi haka nesa, in kuma aka sa samfefar ruwa mai lamba 2000 ko 3000 abin ya ƙara yawa. Kiliya ba ta tsirowa. Shawarar da masana fenti suka fi bayarwa ita ce kada a ci fiye da kusan rubu'inta a duk tsawon rayuwar motar, saboda in ta yi siriri ta daina tare rana. Ƙarshenta shi ne abin da ake gani a rufi da bonet na tsofaffin Honda da Toyota da yawa a titunanmu: wurin ya yi fari-fari, sannan ya fara ɓarewa kamar fatar maciji. Daga nan sai sabon fenti.

Saboda haka kiliya tamkar kuɗin ajiya ce da ba a ƙara zubawa. Duk gogewa cira ce. Tambayar ta zama: nawa ya rage, kuma hannun wa ya fi iya cirar kaɗan?

Man goge baki da ake yawan ambata yana da ɗan kaushi, yana iya rage dusashewar fitilar mota na ɗan lokaci, amma ba a yi shi don fenti ba. Masu shafa baƙin mai ko man birki don mota ta yi ƙyalli kuwa, na farkon ƙura yake tarawa, na biyun cinye fenti yake yi.

## In mutum zai yi da kansa

Da hannu zalla ana iya gyara ƙaramin wuri, kamar bayan mariƙin ƙofa inda farce ke karta, ko gefen but. Amma mota guda da hannu jan aiki ne, kafaɗa za ta gaji tun ba a gama bonet ba, kuma sakamakon ba ya zuwa bai ɗaya. Fentin motocin Jamus irin Mercedes da BMW da Audi an san shi da tauri, hannu ba ya yi masa komai. Na motocin Japan ya fi laushi, yana saurin gyaruwa, yana kuma saurin karcewa.

Injin folish iri biyu ne, kuma bambancinsu shi ne bambancin mai koyo da gwani. Akwai mai juyi ɗaya, wanda faifansa ke juyawa a wuri guda kamar injin yankan ƙarfe. Yana da ci, yana da sauri, yana kuma tara zafi. A tsaya da shi daƙiƙa kaɗan a kan kusurwar fenda ko bakin ƙofa, inda fenti ya fi siranta, sai a ga firaima ta leƙo. Akwai kuma mai juyi biyu, wanda faifansa ke juyawa yana kuma karkaɗawa, ba ya maimaita layi ɗaya, in an danne shi da yawa ma juyin ya tsaya. Wannan ne ya buɗe wa masu gogewa a gida ƙofa a Amurka da Turai, tun daga irin Porter-Cable 7424 har zuwa na kamfanin Rupes na Italiya. Da wuya mai koyo ya ƙona fenti da shi, sai dai in ya yi ganganci.

Tsarin aikin ba ɓoyayye ba ne. A wanke motar tas, a bi ta da wani abu mai kama da yumɓu da ake sayarwa don zare ƙazantar da ta maƙale a fenti, domin ƙwayar yashi ɗaya a ƙarƙashin soson inji ta isa ta ɓata ƙofa guda. A rufe robobi da bakin gilashi da salatif na takarda. Sannan a zaɓi ƙaramin wuri ɗaya a bonet, a raba shi da salatif, a fara da folish mafi laushi da soso mafi laushi. Ɗigo huɗu ya isa. A tafi a hankali, tsaye da kwance, sau huɗu ko biyar, a share da tawul ɗin maikrofaiba, a ɗaga salatif, a haska tocilar waya a kan iyakar. Gefe ɗaya za a ga hasken tocilar a dunƙule kamar wata, ɗaya gefen a watse cikin zane. In haka ta samu, an gano haɗin da ya dace, sai a bi sauran motar da shi. In bai fita ba, a ƙara kaushi mataki ɗaya, kada a yi tsalle zuwa mafi ƙarfi. Kafin a yarda da abin da ido ya gani, a goge wurin da sifirit da aka sirka da ruwa, don maiƙon folish ɗin kansa yana ɓoye karce.

A takarda abin da sauƙi. A tsakar gidan Bahaushe akwai ƙarin matsaloli. Ana bukatar inuwa da jikin mota mai sanyi, alhali baƙin bonet a ranar bazara yana iya haura digiri 70, folish ya bushe nan take ya zama gari. Ana bukatar wuri marar ƙura, wanda a hunturu sai gareji mai ƙofa. Ana bukatar wuta ta awa shida ko takwas, wato janareto da mansa ga wanda ba ya da sola mai ƙarfi. Injin da aka yo odarsa daga Amurka na wuta 120 ne, tamu kuwa 230, in aka jona shi kai tsaye ya ƙone. Ga jabun kaya: kwalba mai tambarin 3M ko Meguiar's a kasuwa ba lallai abin da ke ciki ya zama nasu ba, kuma tawul mai arha da aka rubuta wa maikrofaiba yana iya zama shi ne mai karcen. Ana gwada tawul a bayan tsohon faifan CD, in ya bar zane a can zai bari a mota.

Babban abin da mai aikin gida ya rasa shi ne ido. Bai san kaurin fentinsa ba, bai san ko an taɓa goge motar sau uku kafin ta zo hannunsa ba.

## Wa ake kira gwani?

Kalmar gwani ta rufe mutane iri biyu a nan, kuma haɗa su wuri guda shi ke sa muhawarar ta rikice.

Na farko shi ne mai fenti na gareji. Sana'arsa fesa fenti, folish kuma a wajensa matakin ƙarshe ne bayan fesawa. Kayan aikinsa inji mai juyi ɗaya, soson gashin tumaki, da man folish mai kaushi. A cikinsu akwai masu hannu ƙwarai, waɗanda shekara ashirin suna riƙe da injin nan, sun san inda za su sassauta. Amma tsarin aikin na sauri ne: mataki ɗaya mai ƙarfi, a bi da man sheƙi, a miƙa makulli. Irin wannan yana cin kiliya da yawa, kuma yakan bar nasa tabon, waɗansu layuka masu walƙiya da ke bin sawun injin, suna motsi in ka motsa. Ba a ganinsu ranar karɓar mota saboda maiƙo ya rufe, sai bayan wanki na biyu. Mutum ya kai saƙar gizo-gizo, ya dawo da wani zanen.

Na biyu shi ne wanda gyaran sheƙi ne sana'arsa. Alamarsa ta farko ita ce na'urar auna kaurin fenti, 'yar ƙarama kamar wayar hannu, da yake ɗorawa a wurare da dama a kowane ɓangare kafin ya taɓa inji. In ta nuna 120 ko'ina, fentin kamfani ne lafiyayye. In ta nuna 75 a rufi, an riga an ci, sai a bi a hankali ko a haƙura. In ƙofa ɗaya ta nuna 300 ko fiye, an sake mata fenti, wataƙila har da cikon mai gyaran bodi a ƙasa. Na'urar tana da iyaka: jimillar kauri take bayarwa, ba kiliya kaɗai ba, kuma irin da aka fi samu ba ta karanta bamba tunda roba ce. Duk da haka ta fi ƙiyasi. Irin wannan ma'aikaci yana aiki a rufaffen wuri da fitilu masu ƙarfi, yana yin mataki biyu ko uku, motar na iya kwana ɗaya zuwa uku a wajensa.

Bambance su ba ya bukatar ilimin fenti. Tambayoyi kaɗan sun isa: za ka auna kafin ka fara? Za ka yi min gwaji a wuri ɗaya in gani a rana? Kashi nawa na zanen kake sa ran zai fita? Wanda ya ce duka zai fita ba tare da ya duba ba, ko dai cikewa zai yi ko kuma zai ci fiye da kima. Mai gaskiya yakan ce wannan da wancan sun yi zurfi, gara a bar su.

Irin waɗannan wurare sukan tallata ƙarin kariya bayan gogewa. Shafin siramik wani ruwa ne da ke daskarewa a kan kiliya, kaurinsa maikron ɗaya ko biyu, yana sa ruwa da datti su zame, wanki ya yi sauƙi, kuma yana daɗewa fiye da kaki, wanda wata biyu ko uku ne ƙarkonsa. Amma ba ya hana karce. Lambar 9H da ake bugawa a kwalinsa ma'aunin taurin fensir ce, ba ta duwatsu ba, yashin hunturu ya fi ƙarfinsa. Abin da ke tare karce da gaske shi ne ledar kariya mai kauri da ake mannawa a jiki, kusan maikron 150 zuwa 200, ita kuma tsadarta ta sa yawanci gaban mota kawai ake sa wa.

## Lissafin aljihu

Farashi na canzawa da canjin dala, tunda kusan duk kayan daga waje suke, amma siffar lissafin ba ta canzawa. Mai yi a gida zai sayi inji, soso uku ko huɗu, folish iri biyu, tawul da yawa, man kariya, ga man janareto da yini guda ko biyu na lokacinsa. A karon farko jimillar tana iya kamo kuɗin ƙwararre, ta kuma wuce na mai fentin gareji. Ribar sai a mota ta biyu da ta uku, don haka gidan da ke da motoci da yawa, ko abokai da za su yi karo-karo, su ne abin ya fi yi wa daidai.

Sai kuɗin kuskure. In mai gida ya ƙone gefen ƙofa, ba wurin kaɗai za a gyara ba, ƙofar gaba ɗaya za a fesa, launin kuma da wuya ya zo daidai, musamman mai ƙyalƙyali. Fentin kamfani ana gasa shi a zafin da ya kai kusan digiri 140 tun motar tana ƙarfe zalla, abin da ba gareji da zai iya maimaitawa a motar da ke da wayoyi da robobi. Ga kuma kasuwa: kowa ya san tambayar farko da mai saye ke yi wa dillali ita ce ko fentin na asali ne. Ƙofa ɗaya da aka fesa tana rage kuɗin mota fiye da duk saƙar gizo-gizon da ke jikinta. In ƙwararre ne ya yi ɓarnar akwai wanda za a riƙe, ko da yake a inda ba rubutacciyar yarjejeniya abin yakan ƙare ne a ban haƙuri.

Idan aka ɗora su a sikeli, mota mai fentin asali, zane marar zurfi, mai ita yana da gareji da haƙuri da inji mai juyi biyu, aikin gida ya wadatar, zai fitar da mafi yawan zanen ba tare da haɗari mai yawa ba. Mota mai tsada, ko baƙa wuluk mai laushin fenti, ko wadda ba a san tarihinta ba, ta fi dacewa da mai na'urar awo. Wadda kiliyarta ta fara fari-fari ba ta bukatar ko ɗaya daga cikinsu, inji zai ƙarasa ta ne kawai. Fenti marar sheƙi da ake yayi yanzu shi ma ba a yi masa folish sam, wurin da aka goga zai yi ƙyalli ya bambanta har abada.

## Motocin Kwatano da na dillalai

Mafi yawan motocin da ke hannun jama'a a Nijeriya da Nijar na hannu ne, sun yi shekaru a Amurka ko Turai kafin su iso ta Legas ko Kwatano. Da yawa sun yi hatsari a can an gyara a nan, wasu an goge su a can, an sake gogewa a wajen dillali. Mai irin wannan mota bai san ko rabin ajiyar kiliyarsa ta riga ta tafi ba, kuma ɓangarorin motar ba lallai su zama iri ɗaya ba: haɗin da ya yi wa bonet kyau yana iya cin fendar da aka fesa a gareji. Wurin da aka yi wa sabon fenti ma ana so a ba shi wata ɗaya zuwa uku ya gama bushewa kafin a rufe shi da kaki ko siramik.

Mai shirin saye kuma ya tuna cewa motar da ke filin dillali an yi mata kwalliya. Ganin dare ko na inuwar rumfa ba gani ba ne. A fito da ita rana, a duba bonet da rufi ta gefe.

## Bayan an goge

Ko wa ya yi aikin, in motar ta koma hannun tsumman safe, kafin hunturu ya fita zanen ya dawo, kiliya kuma ta ragu a banza. Wannan ne ya sa masu sana'ar ke cewa gogewa mai ƙarfi abu ne na sau ɗaya ko biyu a rayuwar mota, sauran duk wanki ne.

Gyaran wankin bai da tsada. A fara kwarara ruwa ya sauke ƙurar kafin hannu ya taɓa jiki. Bokiti biyu, ɗaya na sabulun mota, ɗaya na ɗauraye soso kafin a mayar da shi cikin sabulun. A fara daga rufi a sauko, taya da ƙasan mota a ƙarshe da nasu soson daban. Abin da ya faɗi ƙasa ya gama aiki a ranar. A tsane da tawul mai tsabta a inuwa, don ruwan rijiyar burtsatse in ya bushe a rana yana barin tabon gishiri. Wanda ke kai mota wajen wanki yana iya ajiye nasa soso da tawul a leda cikin but, ya miƙa wa yaron, ya ɗan ƙara masa wani abu a kan kuɗin wanki saboda bokiti na biyu.

Ranar da ba ruwa ko ba lokaci, a goge gilasai da madubai da fitilu kawai, a fita da ƙurar a jiki. Tana zaune ba ta karce komai, sai an murza ta. Abin da ya fi wuya a nan shi ne shawo kan direban da ya saba ganin cewa fita da maigida cikin mota mai ƙura abin kunya ne a gare shi.